TARIHIN MOBILETI A ƘASARMU: Ƙaramin babur mai hayaƙi da gwanayen da ke tayar da shi

 Yau tarihin wani ƙaramin ƙarfe munka kawo muku, wato mobileti da ƴan uwanta ƙananan babura masu shan melanji. Duk wanda ya haura shekara arba'in cikinmu ya san kukanta tun kafin ta shawo kwana, ya kuma san ƙamshin shuɗin hayaƙin da take bari a baya. Yara na yanzu kuwa, in sun gan ta, a bayan ɗaki suke ganin ta jingine da bango, taya ta sace, kaji na kwana bisa sirdi.

Dalilin ɗauko wagga magana shi ne mun fara ganin samari suna jawo waɗannan tsofaffin ƙarafa daga zaure, suna wankewa, suna neman su tashe su. Abu ne mai kyau. Amma tayar da mobileti ilimi ne, kuma ilimin yana hannun wasu dattawan makanikai da ke raguwa kowace shekara. In ba a je an zauna gabansu ba, ranar da sunka kau, sun tafi da shi ke nan.

INDA TA FITO

Asalin sunan daga Faransa yake. A 1923 wasu mutum biyu, Charles Benoît da Abel Bardin, sunka kafa kamfanin Motobécane a Pantin, gefen birnin Paris. Bayan yaƙin duniya na biyu Faransa ta fito a talauce, mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, ga masana'antu suna neman mutane su iso aiki da sassafe. A 1946 anka fito da VéloSoleX, keke ne da anka ɗora wa ɗan inji bisa tayar gaba, yana murza tayar da wani ɗan dunƙulen dutse. A wannan shekara kuma Italiya ta fito da Vespa, wadda mu ke ce wa Basfa. Sai a 1949 Motobécane ta fito da nata, ta sa masa suna Mobylette. Sunan ya kama bakin mutane har ya zamana duk wani ƙaramin babur mai feda, ko na wane kamfani ne, mobileti ake ce masa. Haka ya iso mana.

Dokar Faransa ce ta yanke mata girma. Injin bai wuce cc 50 ba, gudunta an tsayar da shi a kilomita 45 cikin awa, kuma a wancan zamani yaro ɗan shekara 14 na iya hawa ba tare da parmi ba. Ku riƙe wannan adadi na 45, don za mu komo kansa. A shekarun 1970 Motobécane na ƙera mobileti wajen 750,000 a shekara. Wadda ta fi suna ita ce AV88, shuɗiyar nan da Faransawa ke kira da sunan launinta. A 1971 Peugeot ta fito da 103, a 1978 Motobécane ta mayar da martani da 51. Waɗannan biyu su ne sunka raba kan samarin wancan zamani gida biyu, kowa na kare tasa kamar ƴan kokowa.

MI YA SA TAKE HAYAƘI

A garaji za ku ji ana cewa wanga inji de-tan ne, wancan kat-tan. Ma'anarsa, mai bugu biyu da mai bugu huɗu. A inji mai bugu huɗu, irin na mota da na baburan da sunka cika gari yau, sai piston ya yi hawa biyu da sauka biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. A mai bugu biyu kuwa, duk hawa ɗaya da sauka ɗaya wuta na tashi. In piston ya hau, yana matse isansi da iska a sama, lokaci guda yana zuƙo wani sabo ta ƙarƙashinsa zuwa cikin tumbin injin. Buji ya ba da wuta, piston ya gangaro, ya buɗe ƙofar hayaƙi da ke jikin silinda, ya kuma turo sabon man nan ta wasu hanyoyi na gefe ya hau sama. Shi ke nan aikin. Piston ɗin da kansa shi ne mai buɗe ƙofa da rufewa.

Wannan dabara ta matse mai a tumbin inji wani Bature ɗan Ingila, Joseph Day, ya fito da ita wajajen 1890. Kamfanin DKW na Jamus ya gyara ta, har ya fito da RT 125 daf da yaƙin duniya na biyu, babur ɗin da ƙasashe da dama sunka kwaikwaya bayan yaƙi. Babur na farko da Yamaha ta ƙera a 1955 ma kwaikwayonsa ne.

To da yake isansi na ratsa tumbin injin, babu wurin ajiye baƙin mai kamar na mota. Dole a gauraya man inji cikin isansi, ya shafe ƙarafan yana wucewa, sannan ya ƙone tare da shi. Melanji ke nan, kuma shi ne shuɗin hayaƙin. Kashi 4 cikin ɗari yana nufin litar man inji ɗaya cikin litar isansi 25, kashi 2 kuma lita ɗaya cikin 50. A da akwai gidajen mai da ke da famfo na musamman don melanji. Wanda ya manta ya zuba zallan isansi, bai yin nisa piston zai kama jikin silinda, tayar baya ta ja ƙasa. Yamaha ta rage wannan wahala tun 1964 da wani ɗan famfo mai suna Autolube, wanda ke auna man da kansa daga wani tanki daban.

Aibin injin a fili yake. Yana shan mai fiye da girmansa, don wani ɓangare na sabon man na bin hayaƙi ya fice bai ƙone ba, kuma yana ɓata iska. Amma alherinsa shi ne ya sa ya zauna da mu. Ba nauyi, ba batir, ba tarkacen ƙarafa a kan silinda. Mutum da sifana uku ko huɗu da sukudireba zai iya warware shi kaf bisa tabarma da hantsi, ya mayar kafin la'asar.

YADDA TA SHIGO MANA

Ta ƙofa biyu waɗannan babura sunka shigo Nijar, kuma har yau ana jin alamar kowace ƙofa a bakin makanikai.

Ƙofa ta farko ta yamma ce, ta hanyar Faransa. Bayan samun ƴancin kai a 1960, zamanin Diori Hamani, gwamnati ta shiga ɗaukar ma'aikata, ga mushen lakwal, ga malamin asibiti, ga malamin gona, ga akawu. Albashinsu bai kai na mota ba, amma ya fi ƙarfin tafiya a ƙasa. Manyan kantunan Turawa na shigo da Solex da mobileti, shi ya sa ta zama alamar mai albashi. A maƙwabciyarmu Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, har masana'antar haɗa su anka kafa a Bobo-Dioulasso tun shekarun 1960, wadda daga baya anka san ta da suna SIFA. Can ake haɗa Peugeot P50 da kuma Yamaha V80, wadda a ƙasashen Faransanci ake ce wa Yamaha dam don mace na iya hawa da zane ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Da SOMAÏR ta fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978, kuɗi sunka shigo aljihun gwamnati zamanin Seyni Kountché, anka shimfiɗa kwalta, har da hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit. Shekarun nan su ne ganiyar mobileti a garuruwanmu.

Ƙofa ta biyu ta kudu ce. Maraɗi na kallon Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, Damagaram na kallon Daura da Kano ta Matamai da Magarya, Ƙonni na kallon Sakkwato ta Illela. A Najeriya, bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974, ma'aikata sun samu ƙarin albashi da bashin watanni a dunƙule, da yawansu kuma babur sunka fara saye. Kasuwannin Kano sunka cika da Suzuki, Yamaha, Honda da Basfa, da kayan gyaransu. Alhazan Maraɗi da ƴan kasuwar Damagaram, waɗanda sun saba da wannan hanya tun zamanin gyaɗa, sunka riƙa haurowa da su. Shi ya sa makanike ɗaya a Maraɗi zai ce maka buji da segman da Faransanci, ya juya ya ce salansa da birki irin na Kano, kuma bai ga wani abin mamaki ba.

Ta ƙofar kudu ne kuma babur ya tashi daga abin hawan mai shi ya koma sana'a. Da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyaka a 1984, ba a sake buɗe ta ba sai 1986, motoci sunka tsaya, babura sunka shiga bin hanyoyin daji da mutane da kaya. A garuruwan bakin iyaka irin su Ƙonni ne kabu-kabu ya fara kafuwa, daga nan ya bazu.

TALAUCI NE YA KOYA MANA GYARA

Farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi. Ga fari na 1984. A Faransa ma Motobécane ta durƙushe, ta koma MBK, daga baya Yamaha ta riƙe ta a 1986. Sai babban bugu ya zo a watan Janairu 1994, da anka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ke daidai da sefa 50 ya koma 100. Abin da kake saye jikka 50 daga Faransa ya wayi gari jikka 100, a daidai lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati albashin watanni. Sabuwar mobileti ta fi ƙarfin mai albashi, sabon piston na asali ma sai an yi shawara da iyali.

A nan ne gwanintar makanikanmu ta nuna. Abin da a Turai za a jefar, a nan sai a ba shi rai na biyu da na uku. In takardar da ke tsakanin ƙarafan inji ta yage, a yanko wata daga kwali mai kauri, a shafa mata mai. In salansa ta toshe da baƙin dasƙararren mai, a kwance ta a jefa cikin wuta ta ƙone, a bubbuga, dattin ya zubo. In silinda ta ƙoje, a kai ta wajen mai injin rarake a faɗaɗa ta kaɗan, a nemo piston da ya ɗara na farko. Mobileti uku matattu na haihuwar guda mai rai. Yaron da anka kai koyon aiki zai yi shekara yana wanke ƙarfe da kananzir kafin maigida ya bar shi ya taɓa karbirata, amma ranar da ya samu ƴanci, da kunne kaɗai yake gane ciwon inji. Ka tsaya gabansa, kafin ka buɗe baki ya ce maka iska take sha ta gefe, ko wutarta ta yi gaba.

Mu lura, wanga ilimi ba a rubuce yake ba. Littattafan kamfani da Faransanci suke, kuma sun yi magana ne kan sanyin Turai da kwalta mai santsi. Yadda za a yi da rairayin hanyar Dakwaro, da ƙurar hunturu mai cinye zoben piston, da zafin watan Afrilu, da isansin kwalba na ƴan ruwa-ruwa wanda wani lokaci da ruwa ko datti a ciki, duk wannan mutanenmu ne sunka gano shi da hannunsu.

YADDA AKE TAYAR DA MATACCIYA

Ga wanda ya jawo ta tsohonsa daga zaure, ga tsarin da gwanaye ke bi, kuma ba su tsallake mataki.

Da gangar jiki ake farawa, tun kafin a kalli inji. A Peugeot 103 da shuɗiyar Motobécane, tankin mai cikin ƙashin bayan babur ɗin yake, ba abin kwancewa ba ne. In tsatsa ta huda shi, ƙarfin babur ɗin duka ta taɓa. Ana zuba ƙananan notuna ko tsakuwa da kananzir a girgiza sosai, a zubar, a maimaita har sai abin da ke fitowa ya yi fari. Wanda ya yi ƙyuya a nan, kowane kwana biyu zai kwance karbirata, don ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta toshe ɗan ramin da mai ke bi.

Sai wuta. Tsofaffin ba su da batir, wani faifai mai maganaɗisu ne ke juyawa a gefen inji yana haifar da ita. A ciki akwai wasu ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, tazararsu ba ta kai rabin milimita ba. A goge su, a daidaita, a duba kwandansa. A ciro buji a jingina shi jikin inji a murza feda. In wuta shuɗiya ce mai ƙara, alhamdu lillahi. In ja ce mai kasala, da sauran aiki.

Sannan a buɗe inji. Abin da ya fi kashe injin da ya daɗe a ajiye shi ne robobin nan biyu da ke toshe iska a gefe da gefen sandar da piston ke juyawa. Zafi na busar da su su tsage. Da zarar sun tsage, iska ta shiga ta ɓarauniyar hanya, mai ya yi ƙaranci, inji ya riƙa ihu shi kaɗai, ya yi zafi, piston ya kama. Kuɗinsu kaɗan ne, amma rashin canza su na cinye silinda guda. Wajen mayar da piston, kibiyar da ke bisa kansa ɓangaren salansa take kallo. Zobbansa kuma kowane yana da ɗan ƙusa a cikin raminsa, dole bakin zoben ya zauna daidai kanta. In ya kauce ya juya, bakinsa zai faɗa ƙofar hayaƙi ya karye.

Mobileti ba ta da giya irin ta ƙafa. Igiyar roba ce ke ɗauko ƙarfi daga inji, a masu bariyata kuma faifan na tsukewa yana buɗewa da kansa gwargwadon gudu, har injin gaba ɗaya yana lilo a mazauninsa don igiyar ta zauna a miƙe. Yaron da bai sani ba, in ya ga inji na motsi, sai ya ɗauka wani abu ne ya kwance ya ce zai ɗaure. Ku ga amfanin tambaya.

In ta tashi, ba a ba ta wuta nan take. Sabon piston na son ƴan ɗaruruwan kilomita a hankali, da melanji mai ɗan yawan mai. Bayan kwana biyu a ciro buji a duba. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa, daidai ne. In ya yi baƙi da danshi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, a tsaya nan take, inji na cikin haɗari.

KWALLIYA, AIKI DA GUDU

Tun da can ba mai barin mobiletinsa yadda ta fito daga kanti. Canjin da ake mata iri uku ne.

Akwai na aiki. Mai walda zai cire ɗan mazaunin kayan Turawa ya ɗora mai ƙarfi da rodi, wanda zai ɗauki buhun hatsi, ko jarka biyu, ko kejin kaji zuwa kasuwar mako. A sa mata wayoyin taya masu kauri, a ƙara roba a ƙarƙashin sirdi. Da irin wannan mobileti anka yi tallan burodi, anka kai allurar rigakafi ƙauye, anka kai mata masu naƙuda likita cikin dare.

Akwai na ado, kuma a nan hannun dukawanmu ya shigo. Garuruwan da sunka saba ɗinka wa doki sirdi da kayan ƙawa ba su sha wahalar yi wa dokin ƙarfe ba. A lulluɓe sirdi da jar fata, a saƙa masa tuntu, a naɗe wayoyin birki da zaren roba mai launi, a ƙara madubi, a rataya wata roba a bayan taya a rubuta mata addu'a ko habaici. Ranar salla ko ɗaurin aure, mai mobileti na wanke ta kamar yadda mai doki ke wanke dokinsa.

Na uku shi ne na gudu, kuma shi ne ya fi jan samari. Shi ma yana da tarihi. A shekarun 1950 wani injiniya a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, ya ƙware kan wata salansa mai kumburarren ciki da tsukakken baki. Sirrinta shi ne ƙarar hayaƙin na bugun ƙarshen salansar ta komo baya, ta mayar da sabon man da ya fara tserewa cikin silinda kafin piston ya rufe ƙofa. Ƙarfi ya ƙaru ba tare da an ƙara girman inji ba. A 1961 matuƙinsa Ernst Degner ya gudu zuwa Yamma, ya koma Suzuki da wannan sani, a 1962 kuma ya ci gasar duniya ta babura masu cc 50. Daga nan dabarar ta bazu, har kamfanonin Italiya irin su Polini da Malossi sunka shiga sayar da silinda mai cc 70 da manyan karbirata don 103 da 51. A garajinmu kuwa, inda waɗannan kaya ke da wuyar samu, da zarto ake faɗaɗa ƙofofin silinda, a rage kan inji a bisa takardar yashi, a sa mai walda ya kwaikwayi salansar.

To a nan ne za mu komo kan 45 ɗin nan. Birkin mobileti, da tayoyinta sirara, da ƙahonta, duk don kilomita 45 anka yi su. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da kake bukata kafin ka tsaya ninkuwa yake kusan sau huɗu. Yaro zai kashe kuɗinsa duka a inji, ya bar birki na zamanin kakansa, ba kaske a kai, ya shiga ayarin ɗaukar amarya yana ɗaga taya. Wace unguwa ce cikin garuruwanmu ba ta yi jana'izar saurayi ko jinyar karaya ba saboda wasan babur? Tsofaffin gwanaye na da ƙa'ida, birki kafin inji. Kuma za su gaya maka injin da anka matsa wa lamba bai tsufa. Sauri kan haifi nawa.

YADDA ANKA TURE TA

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 baburan Sin sunka kwararo. Da farko ma akwai masu bugu biyu cikinsu, irin Jincheng da anka kwaikwayo daga Suzuki. Sannan masu bugu huɗu sunka mamaye, su Kasea da ƴan uwansa, daga baya na Indiya irin Boxer. Sun fi girma, suna ɗaukar mutum biyu da kaya, ba ruwansu da melanji, kuma kuɗinsu ya yi ƙasa da na mobiletin Faransa. Ɗan kabu-kabu ba zai tsaya dogon lissafi ba. Masana'antar Bobo-Dioulasso ta kasa jure gasar ta rufe. A Turai kuma dokokin hana gurɓata iska sunka matse inji mai bugu biyu, har kamfanonin Faransa sunka daina ƙera waɗannan samfura a gida cikin shekarun 2000.

Ba mu ce sababbin babura ba su yi amfani ba. Sun ciyar da gidaje da yawa, kuma hayaƙinsu bai kai na da ba. Amma sun zo da wata ɗabi'a. Da yake kayansu na da araha, makanike ya daina gyara, ya koma mai canji. Karbirata ta yi datti, a jefar a sa sabuwa. Yaro ya yi shekara uku a garaji bai taɓa daidaita wuta da hannunsa ba. Alhali mun ga abin da ke faruwa in hanya ta toshe. An rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, ga cire tallafin mai da Najeriya ta yi a Mayun 2023. Kowane karo kaya sun yi wuya, kuma wanda ya iya gyara ne ya ci abinci. Abin da ya faru a 1994 bai ce ba zai sake faruwa ba.

Saboda haka ga kiranmu. Wanda ke da tsohuwar mobileti, ko P50, ko Yamaha dam, ko Basfa a bayan ɗaki, kar ya yi saurin miƙa wa ƴan gwangwan su auna ta a sikeli, don kuɗin da za su ba shi ba zai kai cefanen kwana biyu ba, kuma abin da ya shiga narka ba ya dawowa. Samarin da ke sha'awar tayar da su, ku nemi dattijon makaniken unguwarku, wanda yanzu yake zaune bakin rumfa yana kallon yara na aiki. Ku kai masa goro, ku ce Baba a nuna mana. Ku ɗauki hoton kowane mataki da wayoyinku, ku naɗi muryarsa yana bayani, ku tambaye shi sunan kowane ƙarfe da yadda ake gane ciwonsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Cibiyoyin koyon sana'a na garuruwanmu su ma, babu injin da ya kai wannan sauƙin koya wa yaro yadda wuta da iska da mai ke haɗuwa su juya taya, ga kuma malamansa a raye cikin gari. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya fara goga silinda da zarto, ku tambaye shi ina birki, ina kaske.

Allah ya jiƙan gwanayen da sunka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya, ya kiyaye mana ƴaƴanmu bisa hanya. Sai mun haɗu a tarihi na gaba, in Allah ya kai mu.